Ban da Yunƙuri

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Jak kowa yake ce masa, tun ranar da jak ɗin wata ƙaramar mota ya zame, motar ta danne ƙafar wani makanike, shi kuma ya zura hannu biyu ƙarƙashin bodin ya ɗaga gefenta har aka janye mutumin. Shekararsa ashirin da uku a lokacin. Masu ba da labarin sun yi ta ƙara wa motar girma har ta zama tirela a bakin wasu, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba, don gyaran sai da magana, magana kuma ita ce aikin da ya fi yi wa Jak wuya a duniya.

Mai faci ne. Rumfarsa tana bakin babban titi, tsakanin shagon mai walda da wurin wankin mota. Akwai jan injin iska wanda sai an lallashe shi yake tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake nutsa tub a nemo huda, da ƙarafa uku na ɓanɓare taya da suka yi sulɓi saboda tafin hannunsa. Yana ɗan shekara goma sha biyu kawunsa ya ɗora shi a kan sana'ar, shekara talatin da huɗu bai yi wata ba. Direbobin manyan motoci abu ɗaya suka san shi da shi. In noti ya yi tsatsa ya gagari mutum uku, sai a ce a kira Jak. Zai zo ya harari notin, ya kafa sifana, ya ja iska ya cika ƙirji, ya datse baki, jijiyoyin wuyansa su tashi ruɗu-ruɗu, sai ka ji ƙarar, noti ya saki. Sannan ya furzar da iskar, ya miƙa wa mai sifana sifanarsa, ya koma bencinsa bai jira sannu ba.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Maman Biyu ake kiranta saboda tagwayen da suka haifa, waɗanda yanzu suna makarantar kwana. Ita ce bakin gidan. Takan ce ba don tarin da yake yi da safe ba, da maƙwabta sun ɗauka ita kaɗai ce a gidan tana hira da bango.

Wata Talata da hantsi, yana tsugune yana mayar da taya a wili, ya ji hannunsa na hagu ya zama ba nasa ba. Abin da ya sani bayan nan shi ne fuskar mai walda a samansa, da ɗanɗanon jini a bakinsa, ashe harshe ya ciza. Aka ce ya yi ta fizge-fizge a ƙasa kusan minti biyu.

A asibiti aka tura shi cikin wata na'ura mai kama da bututu, aka ɗauki hoton cikin kansa. Likitar, wata siririyar mace mai tabarau, ta juyo musu allon kwamfuta, ta ɗora bakin biro a kan wani curi kamar zaren da ya harɗe a cikin kwando. Ta yi bayani dalla-dalla. Jini yana fitowa daga zuciya da ƙarfi, ya bi ta wasu sirara-siraran hanyoyi da suke rage masa gudu, sannan ya shiga jijiyoyin da suke mayar da shi. A wannan wurin na kan Jak babu siraran hanyoyin. Jinin yana faɗawa kai tsaye da duk ƙarfinsa cikin jijiyoyin da ba a yi su don wannan ƙarfin ba. Ta ce ba aiki ne ya jawo masa ba, da abinsa aka haife shi.

"Ana faci?" in ji Jak. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a ranar.

Likita ta ɗan yi murmushi. Ta ce wasu ana yi musu aiki, wasu a toshe, wasu a gasa wurin da haske, amma nasa yana can ciki, kusa da inda ake sarrafa hannu da ƙafa, taɓa shi zai iya fin barinsa haɗari. A yanzu dai magani zai riƙa sha don kada faɗuwar ta dawo, a sa ido a kan hawan jini, su komo bayan wata shida.

Daga nan Jak bai ƙara jin komai ba. Ya san irin wannan abin. Tub ne da ya yi rauni a gefe ɗaya, kana sa iska kana ganin wurin yana kumbura yana sheƙi. Irinsa ba ya ɓata lokaci a kai, cewa yake wa direba ya jefar. Likita ta ci gaba da lissafa abin yi da abin bari, har takarda ta rubuta, Maman Biyu tana gyaɗa kai idonta cike da ruwa. Amma duk cikin dogon bayanin nan, abin da ya iso gida da ransa kalma uku ne: ban da yunƙuri.

Kalmar nan kuwa tana da faɗi. Mace mai naƙuda yunƙuri take. Mai ciccibar buhu yunƙuri yake. Sai dai kuma mutumin da ya dafa gwiwa kawai zai tashi daga zaune, shi ma cewa ake ya yunƙura. Likita irin na farkon take nufi. Maman Biyu ta tattara duka ta ɗaure su wuri ɗaya.

Aka jawo masa kujera mai hannu zuwa gaban tagar falo. Keken ɗinki ya baro ɗaki ya dawo bakin ƙofar falon, yadda ba mai fita sai ya bi ta gabansa. Yayarsa ta zo da ƙaramar jaka, ta ce kwana biyu za ta yi, wata shida tana nan. Tsakaninsu su biyu suka raba shi kamar gadi. Da ya dafa hannun kujera, keke zai tsaya cak.

"Ina zuwa, Baban Biyu?"

"Ruwa."

"Zauna, likita ta ce ban da yunƙuri. Yaya, miƙo masa ruwa."

Takalmin aikinsa aka ɗora a saman durowa. Rediyo ma ba ya miƙa hannu ya ɗauka, kawo masa ake. In ya yi atishawa, su biyun sai su ƙame, su zuba masa ido har sai ya ƙifta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne banɗaki. Namiji mai shekara arba'in da shida, ya shiga ya rufe ƙofa, minti uku bai yi ba zai ji ƙwanƙwasa, da muryar Yaya wadda har maƙwabta suke ji: "Ƙanena, ban da yunƙuri fa!" Sai ya zauna yana kallon ƙofar, kunya ta rufe shi, ya rasa wanda zai yi wa fushi, don ya san ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da ya san yadda zai yi da ita.

Ta tagar nan abin da yake gani bai taka kara ya karya ba: katangar maƙwabta, famfo mai ɗiga, igiyar shanya, da kan falwayar wuta. Kunnensa ne yake fita yawo. Daga nesa yana jin manyan motoci a babban titi, yana gane wadda tayarta ta yi sanyi daga yadda take jan ƙasa. Kantar tafin hannunsa, wadda ya shekara talatin yana tarawa, ta fara ɓarewa falle-falle, sabuwar fata mai laushi ta fito. Yakan juya hannuwan yana kallo, bai san su ba. Tumbi ya fito. Sau biyu Maman Biyu tana buɗe masa ƙugun wando.

Masu zuwa dubiya da raɗa suke masa magana, sai ka ce ƙarar murya ce za ta fasa abin. Mai walda ne kaɗai yake zuwa da muryarsa ta kullum. Shi ya gaya masa surukin shi mai waldan, wani Dogo mai yawan surutu, yana riƙe da rumfar kafin ya warke. Jak ya lura da yadda mai walda ya faɗi "kafin ka warke" yana kallon ƙasa.

Sau ɗaya ya gudu. Da rana ne, Yaya ta yi barci a doguwar kujera, Maman Biyu tana ɗaki tana auna wata mata. Ya tashi a hankali, ya zura silifas ɗin banɗaki, ya ratsa ta gefen keke, ya tsallake tsakar gida har ƙofar waje. Ya ɗora hannu a kan sakata. Sai ya ji zuciyarsa tana bugawa a cikin kunnensa, fat, fat, fat, kowane bugu yana jin kamar yana tura jini cikin curin nan. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya gan shi ma. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan sakatar, sannan ya juya da ƙafarsa ya koma kujerarsa. Ranar ya san tsoron ba na matan nan ba ne su kaɗai, ya shige shi shi ma, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Da wata shida suka cika suka koma asibiti. Aka ɗora shi a ma'auni, ya ƙara kilo goma sha ɗaya. Aka gwada jininsa, aka sake gwadawa. Likita ta dubi lambar ta ɗaure fuska.

"Minti nawa kake tafiya a rana?"

Maman Biyu ce ta amsa, har da ɗan alfahari. "Ko ɗaya, likita. Wallahi ko kofi ba ma bari ya ɗauka. Tun da kika ce ban da yunƙuri, ko tashi zai yi sai an kama shi."

Likita ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta daɗe tana murza idonta.

"Baiwar Allah, dubi nan." Ta ja numfashi, ta datse baki, ta dunƙule hannu, ta matsa har fuskarta ta kumbura. Sannan ta saki. "Wannan nake nufi. Mutum ya riƙe numfashi ya matsa da ƙarfi, ko wurin ɗaga nauyi ko wurin kwance noti. Shi ne yake sa jini ya yi tsalle lokaci ɗaya. Ban ce a dasa shi a kujera ba. Ga shi yanzu zaman ya jawo masa hawan jini, shi kuwa hawan jini ba abokin wannan curin ba ne."

Ta sake lissafawa, wannan karon Jak ya kasa kunne. Zai riƙa tafiya kullum a shimfiɗaɗɗen wuri, ya fara da minti goma, a hankali ya kai talatin, ba cikin zafin rana ba, ya sha ruwa, kuma da wani a gefensa saboda faɗuwar nan. Ban da ɗaga abu mai nauyi, ban da abin da zai bugi kai. In ciwon kai ya sare shi farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba, ko amai, ko gefe ɗaya ya saki, ko gani ya rikice, ba a jira komai, asibiti za a yo.

"To ta yaya zan san bai wuce ƙima ba?" in ji Maman Biyu.

"Ya riƙa magana. Muddin yana kai zance ƙarshe haki bai yanke shi ba, tafiyar daidai take. In zance ya kasa ƙarewa, ku tsaya ya huta. Mai magana ba ya riƙe numfashi."

"Wannan mutumin za ki ce ya yi magana? Ai gara ki ce ya ɗaga asibitin nan."

Likita ta yi dariya, har Jak ma bakinsa ya motsa. Amma dariyar ba ta kai idon Maman Biyu ba. Ta matso bakin kujera.

"In ya yi tafiyar, kin tabbatar mini ba zai fashe ba?"

"A'a," in ji likita. "Ba zan tabbatar miki ba. A kujerar ma ban tabbatar miki ba. Da yawa suna tsufa da shi ba abin da ya same su, wasu kuma yana samunsu. Babu likitan da zai ce miki ga rana."

Maman Biyu ta ninke takardar da likita ta ba ta gida huɗu ta sa a jaka.

Washegari da yamma ta hau kan kujerar keke ta sauko da takalminsa daga saman durowa, ta kaɗe shi. Yaya tana ta mita, wai likitocin yanzu ba su da tausayi. Maman Biyu ta ajiye takalmin a gabansa amma ba ta sake shi ba sai da ta gindaya sharaɗi. In ya yi shiru a hanya, sun juyo gida. In kuwa ya kuskura ya taɓa ƙarfe, an gama tafiya ke nan, ko likita za ta zo da kanta ta roƙa.

Ranar farko ya rasa abin faɗa, sai ya riƙa karanta allunan shaguna da ƙarfi: ana sayar da ƙanƙara, ana gyaran waya, ba a fitsari a nan. Wata mata ta juyo ta kalle su da tausayi. Rana ta biyu ya koma kan tayoyin motocin da aka ajiye a gefen hanya. Wannan ta ci gefe ɗaya, wancan iskarta ta yi yawa, mai wannan kuwa kashe kansa yake nema. Da tayoyi suka ƙare, wasu abubuwa suka fara fitowa da bai san yana ajiye da su ba. Ya ba ta labarin yadda kawunsa ya taɓa sa shi ya kwance faci ɗaya sau tara. Ya gaya mata ranar da ya fara ganinta, ba tayar keken hawanta ce ta yi faci ba, bawul ne kawai ya saki, shi ne ya riƙe keken awa guda yana neman hudar da babu ita. Shekara ashirin da ɗaya da aure, sai a ranar ta ji wannan. Ta kai masa duka a kafaɗa, sai kuma ta tuna, ta janye hannun da sauri ta duba fuskarsa.

Ƙafafunsa suka fara dawowa. Barci ya yi daɗi. A mako na uku suka kai minti talatin, sha biyar zuwa, sha biyar dawowa. Minti sha biyar daga ƙofar gidansu kuwa shi ne daidai rumfarsa. Jak ya san da haka tun ranar farko, shekara nawa yana bin hanyar, amma wannan bai sa shi cikin hirar ba.

Suka fito babban titi, ga wata tsohuwar babbar mota a gaban rumfar. Dogo da direba sun zura dogon bututu a sifana, sun rataye a kai su biyu, mai walda yana ba su umarni. Tayar baya ce ta hagu. Kallo ɗaya Jak ya yi ya ga abin da ke faruwa. Irin waɗannan tsoffin motocin, notin ɓangaren hagu a juye ake yanka shi. Su suna ganin kwancewa suke, alhali ƙara ɗaure shi suke yi.

"Jak ya dawo!" in ji mai walda.

Direban, wanda ya sha jin labari bai taɓa ganin mai labarin ba, ya zare sifanar daga bututu da murna, ya danƙa masa a hannu tun kafin kowa ya hana.

Ƙarfen yana da ɗumi, nauyinsa ya zauna a tafin hannunsa daidai inda ya saba zama. Bai san lokacin da ya tsuguna ya kafa shi a notin ba. Ƙirjinsa ya cika da iska da kansa, bakinsa ya rufe. Ja ɗaya ne, ya sani, kafaɗunsa ma sun sani. Ya jira muryar Maman Biyu daga bayansa, ba ta zo ba. Abin da ya ji kawai shi ne bugun nan a cikin kunnensa. Yana son jan nan fiye da yadda ya taɓa son abinci, kuma yana jin tsoro, duka biyun a lokaci ɗaya.

"Dama," ya ce, iskar ta fita tare da kalmar. "Notin hagu ne, ta dama yake kwancewa. Kun matse shi."

Ya miƙe a hankali ya miƙa wa Dogo sifanar. Suka mayar da bututu, suka juya ta ɗaya gefen, suka rataya su biyu. Noti ya yi ƙara ya saki. Dogo ya yi ihu yana bugun ƙirji.

"Au, shi ke nan?" in ji direba. "Na zaci yau zan ga abin da ake faɗa."

Mai walda ya zungure shi, ya taɓa gefen kansa da yatsa a ɓoye. Jak ya gani.

Suka juyo gida. Ya san ya taɓa ƙarfe, ya san kuma ya yi shiru, duka sharaɗin biyu ya karya a gabanta, kujerar gaban taga kuma tana nan tana jiransa. Sai ya kama magana ba ƙaƙƙautawa, kamar mai roƙo. Ya yi mata bayanin dalilin da ya sa ake juya notin hagu, don kada juyin taya ya kwance shi a hanya. Ya ce Dogo ba shi da laifi, motocin yanzu ba a yi musu haka. Ya ce injin iskar yana bukatar mai, daga ƙararsa ya ji. Kowane zance ya kai shi ƙarshe, har da sauran numfashi, don ta ji.

Ya juya ya dube ta. Tana tafiya leɓɓanta a datse, hannunta a dunƙule cikin gefen zaninta, wuyanta ya tashi. Sai yanzu ya tuna duk lokacin da ya dafa hannun kujera a watannin nan, ba keken ɗinki kaɗai ne yake tsayawa ba.

"Maman Biyu, saki numfashin."

Ta buɗe baki. "Da ka ja... da a gabana ka..." Haki ya yanke ta.

Ya tsaya. "Likita ta ce in zance bai ƙare ba, a tsaya."

Suka tsaya a jikin wata katanga, motoci suna wucewa. Ta dafa bangon da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta riƙe hannun rigarsa gam. Ya buɗe gorar ruwan da ta ɗauko dominsa ya ba ta, ta sha, rabi ya zube a gabanta. Sun kai minti biyar a wurin kafin numfashinta ya daidaita. Ta goge ido da bayan hannu, ta kalle shi, wannan karon ta kai zancenta ƙarshe.

"Tafiya za mu ci gaba da yi, ba zan mayar da kai kujera ba. Amma ni da kai ba za mu sake biyowa ta titin nan ba."

Ya waiwaya. Daga nan ana hango rufin rumfar, ana jin injin iska yana tari kafin ya tashi. Ya tsaya yana saurare har injin ya kama.

Ta ja hannun rigarsa. "Ga shi ka yi shiru, Baban Biyu."

Suka kama hanya, ya fara lissafa mata titunan da suka rage musu. Guda biyu ne, na bayan makaranta, da wanda ya ƙare a jikin katanga.